Kun Tambaya Mun Amsa: Ƙauyen da wasu suka rantse ba za su taka gidan mai gari ba

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙu biyu ne suka faɗo mana a kan wuri ɗaya, kuma masu su ba su ma san juna ba, ɗaya daga Birtaniya ɗaya daga Kaduna, sai na ce to bari in haɗe su waje guda tunda tafiyar ɗaya ce. Masu tambaya kan rabon gado da kuɗin makaranta ku yi mana haƙuri, naku na nan a ajiye sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, ni nas ce ina aiki a garin Bangor da ke arewacin Wels, ban daɗe da zuwa ba. Ranar hutu wata abokiyar aikina Baturiya ta ɗauke ni a mota muka je ƙauyensu, sunansa Bethesda, ba nisa, abun da na fara gani wasu irin tsaunuka ne na fasassun duwatsu toka-toka sun kewaye garin kamar an juye su da tifa. A hanyar dawowa muka wuce ta kusa da wani ƙaton gidan sarauta da ake biya a shiga kallo, na ce mata wata rana mu zo mana, wallahi sai fuskarta ta canza ta ce ita kam a gidansu ba a zuwa nan, kakanta ya hana. Na ji nauyin in tambaye ta dalili. Don Allah mene ne tarihin wurin nan, kuma me mai gidan ya yi musu haka?
Daga wata 'yar'uwa a Bangor

AMSA: Wa alaikissalam Sista, Allah ya taimaka ya ba da ladan jinya. Kin kyauta da ba ki matsa mata ba, don abun da kika taɓa ɗin nan gyambo ne mai shekara sama da 120, kuma ba ita kaɗai ba ce, har yau a kwarin nan akwai gidajen da ba sa taka wannan fada. Sunanta fadar Penrhyn. Amma bari mu fara da duwatsun da kika gani tukuna.

Waɗancan tsaunukan ba halitta ba ce, shara ce. Dutsen da ake haƙa a wajen shi ne dutsen sileti, wanda iyayenmu da suka yi elemantare za su tuna shi, ɗan baƙin allon nan mai firam na katako da ake rubutu a goge da hannu. To asalin babban amfaninsa a Turai rufin ɗaki ne, yadda mu muke sa kwano, sabida dutse ne da Allah ya yi shi falle-falle, in gwani ya sa masa kurfi ya ɗan buga sai ya tsage siriri sumul, ruwa ba ya ratsa shi kuma yana iya shekara ɗari a kan ɗaki bai ce komi ba. Matsalar ita ce in an fasa dutse kashi goma da ƙyar ake samun kashi ɗaya mai amfani, sauran tara zubarwa ake yi. Ki lissafa shekara ɗari biyu ana zubarwa, shi ne abun da kika gani.

Mahaƙar da ke gefen garin ita ma sunanta Penrhyn, a ƙarshen ƙarni na 19 babu mahaƙar sileti da ta kai ta girma a duk duniya, ramin ya kusa mil guda a tsawo, zurfinsa wajen ƙafa 1,200, mutum kusan 3,000 ke aiki a ciki. Shi kansa ƙauyen don ita aka yi shi. Kafin nan kwarin kogin Ogwen 'yan gonaki ne da tumaki warwatse a gindin duwatsu, da aikin dutse ya buɗe sai leburori suka riƙa gina gidaje a bakin babban titin nan da injiniya Thomas Telford ya shimfiɗa daga Landan zuwa Holyhead, wanda yanzu ake ce wa A5, shi ne wanda kuka bi. A shekarun 1820 suka gina wani coci suka sa masa suna Bethesda, sunan wani tafki ne a birnin Ƙudus da ya zo a Linjila, daga nan sunan coci ya bi gari. Wani abu da ya kamata ki riƙe, yawancin tsakiyar ƙauyen ba a kan filin mai mahaƙa aka gina shi ba, shi ya sa tun farko mutanensa ke da ɗan taurin kai, mutum na iya buɗe baki ba tare da tsoron gobe a watso masa kaya waje ba. Waɗanda ke zaune a gidajen hayar mai mahaƙa kuwa, kamar na kan tudun Mynydd Llandygai inda ake ba ma'aikaci gida da 'yar gonar da zai kiwata saniya, su kam bakinsu a ɗaure yake, albashi nasa gida nasa.

To wane ne mai mahaƙar? Nan ne labarin ya biyo ta kanmu. Wanda ya tayar da harkar sunansa Richard Pennant, ya zama Lod Penrhyn na farko a 1783, kuma kuɗin da ya zuba ya yi hanyoyi, ya gina tashar jiragen ruwa a Bangor, ya shimfiɗa layin dogo a 1801 wanda dawaki ke jan taragai, kuɗin nan daga gandayen rake na Jamaika suka fito, guminsu kuwa na bayi ne 'yan Afirka da aka kwasa aka tsallakar da su teku. Shi bai taɓa taka Jamaika ba ma, daga zaune yake aika umarni, kuma da yake ɗan majalisa ne mai wakiltar Liverpool ya tsaya tsayin daka yana adawa da hana cinikin bayi. Magajinsa, George Hay Dawkins-Pennant, shi ya gina fadar da kika gani a shekarun 1820 da na 1830, kuma da Birtaniya ta soke bauta a 1833 sai gwamnati ta biya diyya, amma fa ba bayin aka biya ba, iyayengijinsu aka biya, shi ya karɓi fam 14,683 a kan mutum 764. Har yau akwai wani gari a Jamaika da ake kira Pennants. Don haka Sista in wata rana kin shiga fadar nan kina kallon zane-zane da sassaƙa, kin san ko gumin su wa kike kallo. A ciki har da wani gado na dutsen sileti mai nauyin tan guda da aka yi don Sarauniya Biktoriya, ana cewa da ta zo ta gan shi ta ƙi kwana a kai, ni ma dai ban ga laifinta ba.

Yanzu mu zo kan yadda aikin yake, don in ba ki gane wannan ba ba za ki gane rigimar ba. Ba albashi ake biya kai tsaye ba, jinga ce. An yanka dutsen hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da sunansa, akwai ma wanda suka sa wa Sebastopol don tunawa da yaƙin Kirimiya. Mutum uku ko huɗu, galibi 'yan gida ɗaya, uba da 'ya'ya ko wa da ƙani, za su haɗu a ba su wani yanki na bangon dutse, duk wata sai wakilin manaja ya zo a yi ciniki a kan nawa za a biya su. Biyu na can sama sun naɗe igiya a cinya suna rataye suna huda dutse suna ɗura albarushi, ɗaya na zaune a 'yar rumfa yana tsagawa da kurfi da gudumar katako, ɗaya na datse gefe yana daidaita girma. Kuɗin albarushi da igiya da wasa kayan aiki duk daga aljihunsu. In dutsen da aka ba ka mai kyau ne sai a rage farashi, in ruɓaɓɓe ne a ɗan ƙara, to wa ke yanke hukuncin mai kyau da maras kyau? Wakilin manaja. Kin ga an buɗe ƙofar fadanci da 'yar tsokar kaza a kai gidan oga da daddare, wanda bai iya lanƙwasa ba kuma ya yi wata guda yana dakon dutsen banza ya tashi da abun da bai kai ya kawo ba. Ga faɗowa daga sama, ga dutse ya rufto, ga ƙura da ke cin huhu a hankali, wadda aka daɗe likitocin yankin na cewa wai ba ta da illa, sai a 1979 aka yi dokar da ta ba irin waɗannan masu ciwon huhu damar karɓar diyya, lokacin da yawa sun riga sun mutu.

Amma kar ki ɗauka jahilai ne masu ƙarfin damtse kawai. Abun da ya fi burge ni a tarihinsu shi ne ɗan ɗakin da suke cin abincin rana, suna ce masa caban. Majalisa ce sosai irin tamu ta bakin titi, sai dai tasu da shugaba da sakatare da dokoki, ana zuba shayi ana muhawara kan siyasa da addini, ana gasar waƙa da haddar baitoci, wani ya karanta jarida da ƙarfi sauran na saurare, in wani ya ji rauni ko ya rasu a nan ake haɗa gudummawa. Mutanen nan da ke fasa dutse suna cikin waɗanda suka riƙa cire kwabo-kwabo daga ladansu aka kafa kwalejin Bangor a 1884, ita ce jami'ar da kike wucewa ta gabanta yanzu. Duk wannan da yarensu na Wels suke yi, cocinsu ma daban ne da cocin gwamnati. Masu mahaƙa da manyan manajoji kuwa Ingilishi suke yi, cocin Ingila suke bi, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau suke zaɓa. Kwari ɗaya amma kamar ƙasa biyu.

A 1874 ma'aikatan duwatsun arewacin Wels suka kafa ƙungiyar ƙwadago. Lod Penrhyn na biyu, George Douglas-Pennant, da manajansa E. A. Young, wani akanta daga Landan, suka ce su ba su san wata ƙungiya ba, duk mai kuka ya zo shi kaɗai da bakinsa, ba wani kwamiti da zai shiga tsakanin maigida da yaronsa. An fafata a 1896 aka yi wata goma sha ɗaya ba aiki, ma'aikata suka koma ba su samu wani abun kirki ba. A 1900 Young ya hana karɓar kuɗin ƙungiya a cikin mahaƙa, ga kuma 'yan kwangila da aka riƙa ba manyan yankuna suna ɗaukar ƙwararrun masu tsaga dutse kamar leburorin yini, abun da ya fi ci musu rai kenan. Rai ya ɓaci aka lakaɗa wa wasu 'yan kwangila duka, aka kai mutum 26 kotu, aka kawo sojoji garin. Ranar 22 ga Nuwamba 1900 mutum wajen 2,800 suka ajiye kayan aiki suka fice, kuma ba a gama wannan yajin ba sai Nuwamban 1903. Shekara uku cur Sista, yana cikin mafi tsawo a tarihin ƙwadagon Birtaniya.

Ni a ganina ba kuɗi ne jigon faɗan ba, duk da ba a raina kuɗi. Su so suke a yarda cewa su mutane ne masu sana'a da za su iya tura wakilansu a zauna da su, shi kuma Lod yana ganin dutsensa ne, ƙasarsa ce, in ya zauna da kwamiti yau gobe ba shi da gida. Kuma yana da kuɗin da zai jira, su ba su da shi.

Ga inda gyambon yake. A watan Yunin 1901 ya sake buɗe mahaƙar ya ce mai so ya dawo, wasu 'yan ɗaruruwa suka koma, ya ba kowannensu kyautar fam guda na zinariya. Mutanen gari suka sa wa kuɗin suna fam ɗin wutsiya, don a yarensu kalmar ɗan fadanci daga kalmar wutsiya ta fito, wato mai kaɗa wa maigida bindi, har yara suka riƙa yarda cewa wai waɗanda suka koma wutsiya gare su a cikin wando. Sai aka buga wasu 'yan katuna aka rarraba, kowane gidan da ke kan yaji ya liƙa a taga, an rubuta Nid oes bradwr yn y tŷ hwn, ma'ana babu maci amana a gidan nan. Ki duba mugun abun da ke cikin wannan dabara, ba sai an nuna gidan kowa da yatsa ba, duk tagar da aka wayi gari ba kati an san abun da ya faru. Mata da yara su tsaya a hanya suna busa ƙahon katantanwar teku suna yi wa masu dawowa daga aiki ihu, mai shago ya ƙi sayar wa matarka kaya, a coci ka zauna mutane su tashi daga bencin, wa da ƙani su daina gaisawa har kabari. Da yawa daga waɗanda suka koma sai da suka bar Bethesda suka tare a ƙauyukan gefe irin su Tregarth, aka daɗe ana jifan ƙauyen da wannan suna, har aure tsakanin ɓangarorin biyu ya zama abun magana.

Ban ce waɗanda suka koma duk mugaye ba ne fa. Mutum na da 'ya'ya shida, gidan da yake ciki na Lod ne, tukunya ta yi wata da watanni ba ta ga nama ba, sai a yi masa uzuri. Amma wanda ya jure shi ma yana da hujjar jin zafi, don shi nasa 'ya'yan ma yunwar suke ji. Maza fiye da dubu suka bar kwarin neman abun sakawa a baka, mafi yawa suka gangara kudancin Wels haƙar kwal suna aiko da ɗan abun da ya samu, ƙungiyoyin mawaƙan garin suka riƙa zaga biranen Birtaniya suna waƙa ana jefa musu taimako, ƙungiyoyin ƙwadago na wasu sana'o'i suka yi ta aiko da kuɗi har suka gaji. Ƙarshe yunwa ta yi hukunci, aka koma bisa sharuɗɗan Lod, kuma waɗanda suka ja gaba a yajin ba a mayar da su ba. Shi ma ɗin bai ci riba ba, don a shekara ukun nan magina sun koyi sayen sileti daga Faransa da wasu wurare, ga tayil na ƙasa mai araha ya shigo, kasuwar ba ta ƙara komawa yadda take ba. Lod ɗin ya mutu a 1907. Fadar kuma tun 1951 ta koma hannun hukumar National Trust mai kula da kayan tarihi, ba iyalan ke zaune ciki ba, amma ga wanda kakansa ya liƙa kati a taga duk ɗaya ne.

Shawarata, wata rana kuna shan shayi ki ce mata kin ji labarin yajin aikin nan, ki tambaye ta kakanta a wane hawa ya yi aiki. Kar dai ki tambayi ko gidansu sun koma ko ba su koma ba, amsar ta riga ta ba ki a mota.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, na ga wani bidiyo a Facebook an ɗaura mutum a waya ya kwanta ruf da ciki yana sulu ta saman wani shuɗin ruwa kamar tsuntsu, aka rubuta Bethesda Wels. Wai da gaske ne ko haɗin kwamfuta ne, kuma mutanen wajen da wannan suke ci?
Daga wani ɗalibi a Kaduna

AMSA: Ƙanena da gaske ne, kuma shuɗin ruwan da ka gani shi ne tsohon ramin da muka gama magana a kansa a sama, da aka daina haƙa a wannan ɓangaren ruwa ya cika shi. Wani kamfani mai suna Zip World ya buɗe wasan a 2013, wayar ta haura kilomita ɗaya da rabi, gudun kuma na iya wuce mil 100 a awa. Inda kakanni suka rataya da igiya don neman na tuwo yanzu baƙi ke biyan kuɗi a rataye su don nishaɗi, duniya kenan.

Batun ci kuwa, 'yan yawon buɗe ido na kawo wani abu, musamman da yake garin na bakin duwatsun Eryri da masu hawan dutse ke so, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa yankunan sileti na arewa maso yammacin Wels cikin wuraren tarihi na duniya. Amma irin wannan aikin na lokacin zafi ne, kuma da yawa daga baƙin sulu kawai suke yi su shiga mota su wuce ba su sayi ko biredi a cikin gari ba. Ita mahaƙar ba ta mutu ba, har yanzu ana fitar da sileti mai kyau mai sirkin shunayya ana kaiwa ƙasashe, sai dai inji ya karɓe aikin, inda da mutum dubu uku ne yanzu 'yan ɗaruruwa kaɗan ne. Ta ma yi sa'a, babbar takwararta ta Dinorwig da ke bayan dutse tun 1969 aka rufe ta. Da yawa daga mutanen Bethesda yanzu Bangor suke zuwa aiki, asibiti da jami'a da shaguna, su dawo gida da yamma, gaba ɗayansu ba su kai dubu biyar ba.

Abun da ya rage musu da ƙarfi shi ne yare da haɗin kai. Mafi yawansu har gobe yaren Wels suke yi a gida da kanti da makaranta, ƙungiyar mawaƙa maza ta Penrhyn tana nan tana rerawa, cocin da ya ba garin suna dai an rufe shi an mayar da shi gidajen zama, sabida masu zuwa ibada sun ragu. Kuma mutanen kwarin suka sayi hannun jari da kuɗinsu suka kafa ɗan injin wutar lantarki a kan kogin Ogwen wanda ya fara aiki a 2017, sunan shirin Ynni Ogwen, ribar da ake samu ana mayar da ita cikin ayyukan gari. In kana da niyyar zuwa sulu ka fara tara kuɗin biza da jirgi, ka kuma tafi da rigar ruwa, wajen nan ruwan sama ba ya sallama.